Gwaggo a Layin Dutse

Kwazazzabon da ke bayan gidan Gwaggo ba da girmansa ya zo duniya ba. Da can hanyar awaki ce, 'yar siririya, ko yaro zai tsallake ta bai tattare riga ba. Ruwa ya gan ta ya yi sha'awa. Kowace damina sai ya zo ya gutsuri rabonsa ya wuce, har ta kai in mutum ya tsaya a ciki sai dai a hango hularsa, in dogo ne ke nan. Bara ya cinye garken maƙwabcinta da rabin banɗakinsa, ya zo ya tsaya daidai gindin bishiyar lemonta, saiwoyin suna reto a fili. Daga lemon sai katanga, daga katanga sai ɗakin da take kwana.

Gwaggo kowa ke ce mata a garin, har waɗanda suka girme ta. Mutum ɗaya ne ke ce mata Inna, shi ne Auta, ɗanta mai kyamis a birni. Shi ya zo ya tsaya a bakin ramin da takalminsa mai ƙyalli, ya leƙa, ya ja da baya.

"Inna, bana ba za ki yi damina a gidan nan ba."

"A ina zan yi ta?"

"Kin san ɗakinki na can a gyare. Har sabuwar fanka an sa."

Ta san ɗakin. Ta yi 'yan makonni a cikinsa lokacin da aka yi mata aikin ido. Surukarta mutuniyar kirki ce, ba ta da abin faɗa a kanta, kuma kirkin ne ya kusa kashe ta. In ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. In ta ɗauki kofin da ta sha ruwa za ta ɗauraye, a karɓe. In ta sunkuya za ta jawo takalminta, jika ta riga ta. Aka ajiye ta gaban talabijin kamar tukunyar fure, safe da yamma a zo a duba ko tana son ruwa. Ranar da ta dawo gida sai da ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ba don datti ba.

"Fankar ta jira," ta ce.

"Ramin nan ba zai jira ba. Ina gaya miki tun yanzu, in hadarin farko ya haɗu ban ga an tare shi ba, da mota zan zo. Ko kaya ba sai kin haɗa ba."

Ta tambaye shi ko zai tafi wa yara da lemo.

Ana tsakiyar rani 'yan sa kai suka iso. Wata ƙungiya ce ta masu gyaran ƙasa, ba biyansu ake ba, su suka ɗora wa kansu. Akwai ɗalibai, akwai ma'aikatan asibiti, akwai waɗanda zaman gida ne kawai ya ishe su. Shugabarsu wata malamar makaranta ce, doguwa, mai ɗora hular rana a kan ɗankwali, kowa Malama yake ce mata. Duk Asabar suke zuwa cikin wata tsohuwar bas mai tari.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. A shimfiɗa ragar waya a gicciye cikin kwazazzabon, a cika ta da duwatsu, a ɗaure, ta zama 'yar katanga. A matsa gaba a sake yin wata. In ruwa ya taho da gudu ya ci karo da ta farko sai ya rage fushi, ya sauke ƙasar da ya sato, kafin ya kai ta ƙarshe ya koyi ladabi. Ta ƙarshen ita ce a ƙarƙashin lemon Gwaggo. Daga sama suka faro, don Magini, wani gajeren mutum da ke jera musu duwatsun, ya ce haka ake yi, kuma ba a cika musu da shi ba.

Tifa ba ta iya shiga, a bakin titi take zube dutsen. Baro ma ba ya bin 'yar hanyar, ta matse tsakanin katangu, ga gangara. Sai suka yi layi tun daga tulin dutsen har cikin rami, wannan ya miƙa wa wannan, wannan ya miƙa wa wancan, dutse na tafiya hannu zuwa hannu kamar sabon jariri a gidan dangi.

Asabar ɗin farko Gwaggo ta ci ɗamara da tsohon gyale, ta zura takalmin roba na marigayi mijinta, ta fito ta tsaya a layi.

"Sannu Gwaggo," in ji Malama. "Lafiya dai?"

"Aiki na zo."

"Allah sarki. Ku ba Gwaggo kujera."

Kafin ta sake buɗe baki an ɗauko kujerar roba daga bas, an kafa a inuwa, an zaunar da ita. Malama ta ce ai akwai babban aiki da ke jiranta, wanda sai mai amana, wato tsaron takalma da wayoyi. Aka jibge mata takalma a gaba kamar mai gwanjo, aka ɗora mata wayoyi a cinya cikin leda, suna ta kuka ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ba ta san ta inda ake rufe musu baki ba.

Da zaman ya ishe ta sai ta tashi ta je ta ɗauki dutse. Ko miƙewa ba ta gama yi ba wani saurayi mai jar hula ya sa hannu.

"Haba Gwaggo, muna nan?"

Ta ɗauki wani, wata yarinya mai gilashi ta karɓe. "Kawo Gwaggo, ke dai ki sa mana albarka."

Sau ɗaya aka bar ta ta riƙe dutse, shi ma don hoto ne. Aka zaɓo mata ɗan madaidaici, aka hure masa ƙura, aka ce ta yi murmushi. Da aka gama aka karɓe, aka mai da ita wurin takalma. Matar nan fa, ita ta ɗebo ƙasar da aka gina katangar da ramin ke nema, a ka, da goyo a baya. Autan nan ma shi ne goyon.

Makonnin farko bas ɗin cike take zuwa, har da waƙa. Daga nan rana ta fara yi musu bayani. Wannan jarrabawa ta taso masa, wancan ƙugu ya riƙe, wata kuma aka ce mijinta ya ga tafin hannunta ya hana. Takalman gaban Gwaggo suka yi ta raguwa, har ta fi Malama sanin wanda ya gudu. Layi ya yi giɓi kamar bakin tsoho. Da, mutum juyawa kawai zai yi ya miƙa. Yanzu sai ya taka ya kai, ya tako ya dawo, kafin azahar kowa ya yi laushi. Katangun dutsen da ke sama dai sun tsaya da ƙafarsu. Saura ta ƙarshe, ragarta na shimfiɗe a ƙarƙashin lemo, dutsen cikinta ko ƙasan bai rufe ba. Gabas kuwa ta fara haɗa fuska, iska na kawo ƙamshin ruwan da aka yi wa wasu.

Wata Asabar Malama ta zo ta tsuguna gefen kujerar.

"Gwaggo, gaskiya zan faɗa miki. Da wuya mu gama ta ƙarshen nan bana. Hannu ya yi mana kaɗan."

Gwaggo ta ɗaga nata biyun, ta juya su gaba da baya. "Waɗannan fa? Na aro ne?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ga giɓi can tsakanin mai jar hula da yarinyar nan mai gilashi, ko motarku za ta wuce ta ciki. Ni kuma ina nan ina gadin silifa. Wa zai saci silifan nan? Dubi wannan. Ɓarawo in ya gan shi sai ya bar wa mai shi nasa don tausayi."

Malama ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce ita ma ɗaure mata hannu aka yi. Tun ranar da suka fara Auta ya nemi lambarta ya kira ta, ya roƙe ta don Allah kada a bar mahaifiyarsa ta ɗaga ko tsinke, tana da hawan jini, ga aikin ido. Ita kuma ta yi masa alkawari.

"Shi ya ce?"

"Don yana son ki ne, Gwaggo."

"Na sani. Ni na haife shi." Ta tattara ledar wayoyin ta ɗora wa Malama a hannu. "Ga amanarki. Na bar aikin gadi. Ki nemi wani."

Ta bi gefen layin ta fita bakin titi. Can gaba kaɗan da tulin dutsen akwai rumfar tela, inda mazan unguwa ke zama a benci tun hantsi suna gyara duniya. Tun da aka fara aikin nan suke kallo, suna ba da shawara daga zaune. Akwai telan kansa, da mai faci, da mai aski, da wani dogo da ba wanda ya taɓa sanin sana'arsa. Gwaggo ta zaɓi dutse babba, ta rungume shi a ciki. Maimakon ta nufi layi sai ta yi kwana ta bi ta gaban bencin, a hankali, tana nishi ɗan fiye da yadda nauyin ya kai.

Tela ne ya fara zabura, tef na rataye a wuya.

"Subhanallahi, Gwaggo, mene ne haka? Kawo."

Ta sakar masa ba musu.

"Ina za a kai?"

"Nan kusa. Bayan gidana."

Ya tafi yana tangaɗi. Ta koma ta ɗauko wani, mai faci ya karɓa. Ta sake komawa, mai aski ya karɓa yana cewa ai da ta aiko tun farko. Dogon ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Ta tsaya a kansa da dutsen tana tari har ya farka.

A bakin rami Magini bai tambayi kowa daga ina ba. Duk wanda ya iso da dutse sai ya nuna masa giɓi. "Tsaya nan. Karɓi ta hagu, miƙa ta dama." Kafin mutum ya ce ai ajiyewa kawai na zo yi, wani dutsen ya sauka a hannunsa, kuma ba mai iya yar da shi a gaban 'yan mata. Ranar katangar ta tashi har gwiwa. Tela ya koma rumfa da la'asar yana cewa yatsunsa sun daina gane allura, mai aski ya ce duk wanda ya kawo kai yau shi ya so.

Gwaggo ta yi dariya ranar, ba ta hana kanta ba. Amma da ta shiga gida ta zauna sai ta duba hannunta. Fes. An yi aiki, an gode Allah, ita dai an sake karɓe mata.

Kuma dabara irin wannan sau ɗaya take ci. Asabar da ta biyo baya, tana sunkuyawa kan tulin, benci ya watse. Tela ya ja ƙofa, sai ƙarar keke daga ciki kamar wanda aka sa wa wuƙa a wuya. Mai faci ya cusa kai cikin taya. Dogon, da aka sani da ciwon gwiwa shekara da shekaru, aka hango shi ya sha kwana ba ko ɗingishi. Ta tsaya a titi da dutse a hannu ba mai karɓa. Kafin ta gama jin daɗin abin, yarinya mai gilashi ta rugo daga layi ta karɓe. Ranar ba a ƙara wa katangar wani abin kirki ba.

Tsakiyar mako aka yi yayyafi, ɗan wanda zai kwantar da ƙura ya ta da zafi. Ƙasa ba ta gama bushewa ba wayarta ta yi kuka.

"Inna, an ce an yi ruwa."

"Wa ya ce? Tofi ne."

"An gama katangar?"

"Ana kai."

"Asabar ina hanya."

"Allah ya kawo ka lafiya," ta ce, don ba a ce wa ɗa kada ya zo gidan ubansa.

To, inda layin ke gangarawa cikin kwazazzabon akwai wani ɗan mataki da Magini ya sara a jikin gaɓa. Faɗinsa bai wuce na ƙafa biyu ba, mutum ɗaya yake ɗauka. Na sama ba ya iya miƙa wa na ƙasa sai ta hannun wanda ke kan matakin, jifa kuwa an hana tun ranar da aka kusa fasa wa wani ƙafa. Gwaggo ta daɗe tana kallon wurin nan daga kujerar gadi. Zaman banza ma yana da ranarsa.

Asabar da gari ya waye, tun bas ba ta iso ba, ta fita ta bayan gida. Ta gangara da baya da baya, tana kama saiwar lemo, ta sa ƙafa kan matakin, ta jingina da gaɓa. A nan suka zo suka same ta.

Malama ta leƙo daga sama. "Gwaggo, me kike yi a nan?"

"Shan iska."

"Don Allah ki fito. Ƙasar nan tana zamewa."

"Ban zame ba."

"Na yi alkawari, Gwaggo."

"Ke kika yi, ni ban yi ba. In kina son ki cika shi, sauko ki ɗauke ni. Ko ki sa ɗaya cikin samarin nan ya saɓa ni a kafaɗa, a ɗauki hoto."

Samarin suka sunkuyar da kai suna duba ƙafafunsu. Kunyar da ta sa suke karɓe mata dutse, ita ce dai ta hana kowa sa mata hannu. Malama ta yi roƙo, ta yi lallashi, ta ce a kawo kujerar bakin rami yadda za ta ga komai. Gwaggo ta ce ta ga komai tun tuni.

Magini ya riga ya sauka ƙasa ta wata hanyar. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ta yi baƙi tun da safe.

"Malama, ni dai dutse nake jira. Ta hannun wa zai zo, ba ruwana."

Aka ja layi. Mai jar hula ne a samanta, wani ma'aikacin asibiti a ƙasanta. Dutsen farko da ya iso hannunta bai fi albasa ba. Na biyu ma haka. Ta miƙa wuya ta hango ana tsince mata ƙanana tun daga tuli.

"Kai mai jar hula, miya za a yi da waɗannan? Ruwan da ya cinye banɗakin mutum, da albasa za ku tare shi?"

Aka yi dariya, saƙo ya bi layi har titi. Sai na gaske suka fara zuwa.

Na farko ya kusa zaunar da ita. Nauyin ya ja hannuwanta ƙasa, ƙugu ya yi wata ƙara da ita kaɗai ta ji. Ta cije, ta juya, ta sakar wa na ƙasa. Na biyu ya ci mata fatar yatsa. Yarinya mai gilashi ta cire safar hannunta ta miƙo, wannan kam Gwaggo ba ta yi musu ba. A hankali jiki ya tuno abin da ya sani. Ta daina tarar dutsen da hannu kawai, sai ta karɓe shi a ciki, ta jingina bayanta da gaɓa, ta juya gaba ɗaya ta sake shi. Layi ya koma tafiya da saurinta. Ba sauri ba ne, amma ba ya tsayawa, kuma mutumin da da zai tsaya kan matakin ya je ya toshe wani giɓin.

Kada a ce da sauƙi. Gumi ya shiga idon da aka yi wa aiki ya yi ta yaji. Zuciya ta hau bugawa a cikin kunne. Sau da yawa ƙasa ta yi kamar za ta juya da ita, sai ta kafa ido kan wata saiwa har abin ya wuce. Ta san in ta faɗi a nan, Auta ya yi gaskiya a gaban kowa, ba kuma mai tambayarta kafin a sa ta a mota. Ba ta gaya wa kowa ba. Da aka miƙo ruwa ta sha, ta zuba saura a ka, ta buɗe hannu.

Katangar ta wuce ƙugun Magini lokacin da aka ji ƙahon mota a titi.

Auta ya biyo 'yar hanyar, duwatsu na wucewa ta gefensa yana kaucewa. Ya duba inuwa, ba kujera. Ya dubi Malama, Malama ta dubi ƙasa. Da ya iso bakin rami ya leƙa sai ya ga ɗankwalin uwarsa, jiƙe, a ƙasa da ƙafarsa. Daidai lokacin ta karɓi wani ƙato daga hannun mai jar hula. Ya ture yaron gefe, ya durƙusa da farin wandonsa, ya kama dutsen da hannu biyu.

"Inna, saki."

"Kai ka saki. Hanyarsa ƙasa ce, kai kana ja sama."

"Inna, mutane na kallo."

"Aiki suke. Kai ka tsayar da su."

Ya rage murya. "Me kike so a ce? A ce ina da rai da lafiya uwata na dakon dutse a rami? Da me na rage ki?"

"Ba ka rage ni da komai ba. Har abin da ban nema ba ka ba ni."

"To?"

"To ka bar mini wannan."

"Dutse?"

"Dutse."

"Jininki zai hau. In kika faɗi a nan fa?"

"In na faɗi a nan, a bayan ɗakina na faɗi, ina cikin yin abu. A gidanka ko faɗuwar ba za a bar ni in yi da kaina ba. Matarka za ta riga ni."

Wani ya yi dariya a ƙasa, ya mai da ita tari.

Auta ya ɗan ja. Ita ma ta ja. Ƙarfinta ya kusa ƙarewa, kuma ta san yana jin haka ta jikin dutsen. Fizga ɗaya zai yi ya raba ta da shi, ya sani, ta sani. Amma fizgar nan za ta iya tuge ta daga kan matakin, ga kuma mutanen benci sun taso sun jeru a bakin rami, tun da kallo ba dako ba ne. Zai zama mutumin da ya yi kokawa da uwarsa a gaban gari. Ya dubi safar hannun da ta yi mata yawa, ya dubi takalmin ubansa a ƙafarta, idonsa ya kaɗa.

"Mota na can, Inna. An wanke ɗakin. Yara tun jiya suke leƙen ƙofa."

"Ka gaishe su. Ka ce zan zo ganinsu in an gama shuka. Zuwa zan yi, in dawo."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya saki. Nauyin gaba ɗaya ya dawo mata, ta haɗiye nishin.

"Shi ke nan, ki zauna. Amma ranar da katangar gidan nan ta faɗi, kada a kira ni."

"In ta faɗi magini za a kira. Kai sai in ciwon kai."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ƙasar ba ta fita ba. Ya juya ya bi hanya, layi na buɗa masa. Bai yi mata sallama ba. Tun da ya fara tafiya da ƙafarsa bai taɓa barin gabanta bai durƙusa ya ce na tafi ba, sai yau. Ta ji an buɗe mota an rufe. Motar ba ta tashi ba, har ta fara zaton zai dawo. Sai injin ya tashi. Ta tsaya da dutsen a ciki tana sauraron motar har ta ɓace, ta ci gaba da sauraro bayan ba sauran abin ji. Layin duka ya tsaya, kowa da nasa a hannu.

Iska ta taso ta watsa ƙura cikin ramin. Magini yana can ƙasa da hannu a buɗe, ya gaji da jira.

"Wai wa ya riƙe mana layi ne? Gwaggo, ko ki miƙo, ko ki hau sama a sa mai hannu. Hadarin nan ba zai jira ki gama kallon titi ba."

Malama ta dafe baki. Ma'aikacin asibitin ya ce, "Haba Magini, Gwaggo ce fa."

"Na san Gwaggo ce. Ita ce a kan mataki ko ba ita ba?"

Gwaggo ta leƙa ta dube shi, gajere, fuska duk ƙasa, ya haɗa rai da gaske, ba wasa ba kuma ba hoto ba. Ta share ido da kafaɗa.

"Ji mini mutumin nan, ko katangar da yake ginawa ta kusa fin shi tsawo." Ta juya ta sauke dutsen a hannun na ƙasa. "Ga shi, kai masa kafin ya fashe. Kuma wancan na hagu a karkace ka ɗora shi, tun ɗazu nake kallo."

"Yi naki in yi nawa," in ji Magini, bai ko ɗago ba.

Ta gyara tsayuwa, ta jingina baya da gaɓa, ta ɗaga hannu sama.

"Kai mai jar hula, barci kake? Kawo."